Jinin Garke Ɗaya

Gude, Kabo
7 ga Yuli, 2024

Zuwa ga baiwata Zinnira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya karatu, ya ruwan Ibadan da aka ce ba ya ɗaukewa? Mu nan damina ta zauna, gero ya kai gwiwa, shanu sun ƙoshi har sun fara rashin ji. Baffa, wato kawunki, yana nan lafiya sai ciwon gwiwar da kika sani. Inna surukata ta ce a tambaye ki ko karatun nan naki yana da ƙarshe. Taubashinki maigidana yana gaishe ki.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Waya ɗaya ce a sashenmu, ta maigidan, kuma duk saƙon muryar da ya shigo a tsakar gida ake sauraron sa, har kaji sai sun ji. Dalhatu direba zai loda shanu zuwa wajenku jibi, shi zan ba.

Shekaranjiya aka sallamo mu daga asibiti ni da Kamila, kwananmu shida. Ciwon haƙarƙari ne, likita ya ce nimoniya. Karo na biyu ke nan, yarinyar da watanta biyar kacal. In ta ja numfashi sai ki ga ƙasan haƙarƙarinta ya lotsa. Zinnira, na san wannan lotsawar. Haka ɗan farina ya yi, kin san ba na faɗin sunansa. Sau huɗu muna zuwa asibiti da shi, a na huɗun na dawo da goyo babu kowa a ciki, yana da wata goma sha huɗu.

Ga abin da ya tsaya min a rai. Facalata Badi'a, matar Musbahu ƙanin maigidan, 'ya'yanta huɗu. Murhunmu ɗaya, hayaƙi ɗaya muke sha, rijiya ɗaya. In mura ta shigo gidan nan, nata su yi kwana uku da majina har baki, suna tsalle a cikin ruwan sama, su warke sumul. Nawa kuwa murar ba ta tsayawa a hanci, sai ta sauka ƙirji. Ba hassada nake yi ba, Allah ya raya mata su. Dalili nake nema.

Inna ta fara maganar a gwada nonona da kiyashi. Ba da mugunta take faɗa ba, ita ta kwana da ni a asibiti a kan tabarma, da shekarunta. Amma duk sanda ta faɗa sai na ji kamar ƙirjina ba nawa ba.

Ke kika ce min aikinki ke nan, duba jinin yara masu ciwon huhu. To ga ranar amfaninki ta zo. Ki faɗa min me ya sa nawa, kuma ki faɗa da Hausar da zan gane, ban da Turancinku.

Uwargijiyarki,
Asiya

*

Ibadan
15 ga Yuli, 2024

Zuwa ga Asiya, uwargijiyar da ba ta taɓa ba baiwarta ko tsinke ba,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, sai da na je har kara na karɓo ta a hannun Dalhatu, tana warin shanu. A tsaye na karanta ta a gefen mota, na yi kuka mahauta suna kallona. Ya jikin Kamila? Allah ya ƙara sauƙi, ya jiƙan Abdulrahman. Ni dai zan faɗi sunansa, tun da ni na fara goya shi ranar suna. Ki gaishe min da Kawu Haladu da Inna, ki ce wa maigidanki Salisu har yanzu yana da bakin tsiya.

Bari in gwada amsa miki. Kowane mutum yana da garkuwar jiki, wato masu gadi a cikin jini da ke gane ƙwayar cuta su kashe ta. Yadda za a gina masu gadin nan a rubuce yake cikin ƙwayoyin halittar da yaro yake gada daga iyayensa, kuma rubutun kowa da ɗan bambanci. Wani masu gadinsa suna gane cutar tun tana bakin hanci. Wani sai ta sauka huhu kafin su farga. Wani kuma nasa suna farga, amma faɗan da suke yi ya wuce kima, har huhun ya kumbura ya tara ruwa. Aikina ke nan kullum, ina kwatanta jinin yaran da ake yawan kwantarwa da na waɗanda ba a kwantar da su, ina neman inda rubutun ya saɓa.

Saboda haka ba lallai hayaƙi ko sanyi kaɗai ba ne. Yana yiwuwa wani abu ne da suka zo da shi a jini, gado. A watannin farko kuwa kusan duk kariyar jariri daga jikin uwa take zuwa, ta mahaifa da ta nono, kafin tasa ta kankama.

Amma daga nan ba zan iya cewa ga abin da ke damun Kamila ba. Ki sa Salisu ya kai ta a yi mata gwajin sikila tukuna, don ita ma tana kawo haka. Ki duba katinta, kada allurar rigakafi ko ɗaya ta wuce ta. In za ki yi girki ki ba wani ita, kada ki goya ta a gaban murhu. In kika ga numfashinta ya yi sauri ko ta ƙi kama nono, kada ki jira kowa ya dawo daga gona.

Maganar kiyashi kuwa dariya ta ba ni. Har yanzu ana wannan abu a Gude?

Taki,
Zinnira

*

Ibadan
5 ga Agusta, 2024

Asiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Sau biyu Dalhatu yana zuwa hannu wofi. Na kira Salisu sau uku, kullum amsa ɗaya: lafiya lau, tana ciki, tana aiki. Na san muryar Salisu tun muna kiwon tumaki tare, wannan lafiya lau ɗin ba ta kwanta min ba. In wani abu ya sami Kamila ki faɗa min. In kuma ni na yi laifi, shi ma ki faɗa.

Zinnira

*

Gude
9 ga Agusta, 2024

Zinnira,

Muna lafiya, Kamila tana raye. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da wata.

Kin manta yadda gidan nan yake. Dalhatu ba zai shigo cikin gida ya miƙa wa matar aure takarda ba. A zaure ya ba Baffa, Baffa ya ce maigidan ya karanta masa, Inna tana bakin ƙofa. Har dariyar da kiyashi ya ba ki, duk ta ji. Ranar ba ta ci tuwo ba.

Baffa ya sa aka maimaita masa sau biyu, sannan ya ce yarinyar nan ta yi karatun gaskiya, abin da ta faɗa shi ya san shi tun kafin a haife ta. Ya ba da labarin shekarar da ciwon huhu ya faɗa wa garkensa. 'Ya'yan wata saniya Wule da jikokinta suka dinga faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yan Fure kuwa suka yi tari suka miƙe, alhali mashaya ɗaya, makiyaya ɗaya. Kin san yadda suke ƙirga shanu, ta wajen uwa: wance 'yar wance, jikar wance. Sai ya ce to ai magana ta fito. Likitarmu ta ce abin gado ne, ta kuma ce kariyar jariri daga jikin uwa take. Wai ke nan raunin daga gidan su mahaifiyata ni Asiya ya biyo, mutanen Unguwar Tudu, tun da ita ce bare a cikinmu. Ya ce maraƙin saniya mai rauni ba a barin sa a ƙarƙashinta, ɗora shi ake a kan wata.

Washegari Inna ta sa na tatsa a ludayi, ta jefa kiyashi. Ya ɗan yi iyo ya mutu. Yau kwana goma sha biyu ke nan da aka ɗauke min Kamila aka kai ta ɗakin Badi'a.

Badi'a ba ta so ba, wallahi har kuka ta yi. Tana da nata goyon, nonon bai isa biyu ba, sai ana ƙara wa Kamila da madarar shanu da ruwan kunu. Ta yi zawo kwana huɗu, wuyanta ya fito. Ina jin kukanta ta katanga, rigata tana jiƙewa, ba dama in je. Maigidan ya ce in yi haƙuri, ba zai iya musu da mahaifinsa ba a kan maganar da 'yar boko ma ta tabbatar. Ina zagayawa bayan ɗaki ina tatsewa ina zubarwa a ƙasa, don kada ya ƙafe. Makon jiya ina cika kofi. Yau da ƙyar na rufe gindinsa.

Babu wanda ya zage ni. Da ma zagi ne da na ji sauƙi. Kowa lallaɓa ni yake, har Baffa ya aiko min da man shanu. Amma ni abin da ke cina shi ne ko gaskiya suka faɗa. Wata goma sha huɗu ina ba shi nonon nan. Ki faɗa min, ke da kika sani: ni na kashe Abdulrahman? Ga shi na rubuta sunansa.

Na ce ki yi min Hausar da zan gane. Kin yi, kowa ma ya gane.

Asiya

*

Ibadan
12 ga Agusta, 2024

Zuwa ga Kawuna Malam Haladu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Kawu, ina durƙusawa ina gaishe ka. Ya ƙarfin jiki, ya gwiwa, ya damina, ya dabbobi? Allah ya ƙara girma da lafiya. Ina gaida Inna, ina kuma roƙon ta gafara a kan dariyar da na rubuta. Rashin kunya ce, ba tarbiyyar gidanmu ba.

Na ɗauki hoton takardar nan na tura wayar Salisu don ta iso yau, ba sai mota ta tashi ba. Salisu, ka karanta ta duka, kada ka tsallake layi ko ɗaya, kuma a kira Asiya ta ji.

Kawu, abin da ka gani a garkenka gaskiya ne, mu ma shi muke bi da na'ura. Laifina ne da na faɗi rabin magana. Ina neman izini in yi maka tambaya ɗaya: a shekarar ciwon huhun nan, wane bijimi ne uban waɗanda suka mutu?

Na tambaya ne don rabin abin da ɗa yake gada daga uba yake. Kowane rubutu na jiki biyu ne, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Akwai irin raunin da in ɗaya ya samu matsala, lafiyayyen yakan rufe masa asiri, mutum ya rayu garau bai ma san yana ɗauke da komai ba. Sai in mai rauni ya gamu da mai rauni a jikin yaro ɗaya sannan abin yake bayyana. Haka kuwa ya fi faruwa in uwa da uba jininsu ɗaya.

Yanzu zan faɗi abin da ya fi ƙarfin bakina, ka yafe min. Salisu ɗanka ne. Asiya 'yar ƙaninka Kawu Muntari ce, ciki ɗaya kuka fito da shi da mahaifiyata. Badi'a kuwa daga cikin garin Kabo aka auro ta, ba mu haɗa komai da ita ba. Kuma Ummata ta taɓa faɗa min cewa kakarmu Zubaidatu ta haifi tara, huɗu suka tafi da haki kafin yaye, ita da kakanmu kuma 'ya'yan wa da ƙani ne. In har gado ne, Kawu, na fi zaton daga cikin gidanmu yake, ba daga Unguwar Tudu ba. Wataƙila ni ma ina ɗauke da shi.

Na ce in har, domin ban gwada jinin kowa ba, kuma zato ba sani ba ne. Ko ya tabbata, babu mai laifi. Ba wanda ya zaɓi abin da aka rubuta a jikinsa, kuma auren zumunci da yawa sun haifi 'ya'ya lafiyayyu, kai ma shaida ne.

Abu ɗaya ne ba na shakka a kansa. Irin wannan rauni ba ya bin nono. Abin da ke bin nono kariya ce. Kai ka fi ni sanin yadda maraƙin da bai sha dakashin uwarsa ba yake ƙarewa. In garkuwar Kamila tana da rauni, to ta fi kowane yaro a gidan nan bukatar nonon uwarta, kuma madarar shanu ta yi wa cikinta nauyi a wata shida. Kiyashi kuwa, a jefa shi a nonon kowace mace, in ya daɗe nutsewa zai yi.

Nonon Asiya yana ƙafewa, kwanaki kaɗan suka rage. Ina roƙon ka don Allah a mayar mata da 'yarta yau.

Asiya, ki ji da kunnenki a gaban kowa: ba ke kika kashe shi ba. Ina kyautata zaton nononki yana cikin abin da ya riƙe shi har wata goma sha huɗu.

'Yarka,
Zinnira

*

Gude
16 ga Agusta, 2024

Zuwa ga 'yata Zinnira,

Ni Haladu nake faɗa, Salisu yana rubutawa. Na amsa gaisuwarki, Allah ya yi miki albarka. Innarku ta ce ta yafe.

Bijimin da kika tambaya ɗan Wule ne da kansa. Na bar shi a garke don kyan ƙirarsa, shi ya hau 'yan'uwansa. 'Ya'yan Fure kuwa wani bijimi na aro ne ubansu. Shekara arba'in ina ba da labarin nan, ban taɓa ƙirga bijimin ba.

Waɗanda uwarki ta faɗa miki, sunansu Abdulmumini, da Halimatu, da Lukuman, da Muhsin. Ni ne babba, ni na ɗauki biyu daga ciki zuwa makwancinsu. Ƙirjinsu yana lotsawa kamar na yaron Salisu. Na gani a lokacin da yaron yake jinya, na kawar da kaina.

Ni na haɗa auren nan, su ma suna son juna. Kin ce babu mai laifi, na ji. Amma kwana biyu abinci bai wuce min ba.

An mayar da yarinya ranar da takardarki ta zo. In akwai gwajin da za a yi, a fara da jinina.

Kawunki,
Haladu

*

Gude
25 ga Agusta, 2024

Zuwa ga baiwata Zinnira,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ta gaske wannan karon. Ya karatu, ya jama'ar wajenku? Mu nan lafiya, gero ya fara fitar da kai. Ki yafe min takardar da ta wuce, da zafi na rubuta ta. Ban janye duka ba, amma na janye rabi.

An yi gwajin sikila, babu. Likita ya ba mu takarda zuwa Kano, wajen masu duba garkuwar jiki, ranar tara ga wata mai kamawa. Ya ce kada mu sa rai da amsa a zuwa ɗaya. Maigidan ne zai kai mu, tun ranar nan ba ya iya haɗa ido da ni sosai, na bar shi ya ɗan dahu tukuna. Inna kuwa kullum da safe ga kunun kanwa da fura a ƙofata, ta tsaya sai na shanye.

Bari in faɗa miki yadda aka yi. Maigidan yana gama karanta takardarki, Baffa ya miƙe. Kin san tun da aka kawo ni gidan nan bai taɓa taka sashenmu ba, kunyar surukai. Sai ga shi ya shiga ɗakin Badi'a da kansa, ya fito da Kamila a kafaɗa, yana ɗingishi, ya zo har bakin ƙofata ya miƙo min ita, fuskarsa a gefe.

Na ɗauka shi ke nan. Ina sa ta a ƙirji sai ta kawar da kai. Kwana goma sha biyar sun sa ta manta ni. Ta saba da cokali, ga shi nonon ma ba wani abin kirki. Ta yi ta ƙara tana ture ni da hannu. Wannan ya fi ranar da aka ɗauke ta ciwo. Badi'a ce ta zauna da ni, ta ce in cire riga in rungume ta fata da fata, in dinga ɗiga mata abin da na tatsa a kan nonon. Haka muka wuni, haka muka sake wuni.

Duk bayan sallar asuba da ta la'asar sai in ji sandar Baffa ta tsaya a bayan zana. Ba ya shigowa, ba ya kiran sunana. Sai ya yi gyaran murya, ya tambayi Inna, "Ta kama?" Inna ta ce tukuna. Sai in ji sandar ta juya a hankali.

A rana ta uku da la'asar Inna tana wajen rijiya, ba kowa a tsakar gida. Kamila ta gaji da kuka, ta lalubo da kanta, ta ja sau ɗaya, ta tsaya, ta sake ja. Ina jin haɗiyarta. Sai ga sandar nan. Ya yi gyaran murya, ya yi tambayarsa, shiru ba mai amsawa. Shekara biyar ban taɓa ɗaga murya a inda yake ba, amma na buɗe baki na ce, "Baffa, ta kama."

Na kasa kunne. Sandar ba ta juya ba. Na leƙa ta ramin zana, na gan shi zaune a ƙasa cikin laka, da farar rigarsa, ya rufe fuska da hannu biyu.

Taki har kullum,
Asiya